Gidan Zanzaro a Cikin Firinta

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samari biyu masu gyaran waya suka kinkimo wata tsohuwar firinta suka dire min ita a bakin shago. Ta wani mai kantin magani ce. Ya kai musu ne saboda ya ga teburinsu da fitila da madubi, ya ɗauka duk abin da yake cin wuta nasu ne. Kafin su kawo min sun riga sun gama nasu gyaran. Sun buɗe ta, sun tsiyaya man gyaɗa a kan sandar da kan bugu, wato abin da yake buga rubutun, yake gudu a kai, sannan suka kama kan da hannu suka yi ta zuge shi hagu da dama da ƙarfi, wai don ya saki. Da suka jona wuta sai ƙauri ya tashi. Na tambaye su me ya kai su ga abin da ba su sani ba, babban ya ce shi a ganinsa wanda ya iya canza gilashin waya firinta ba za ta gagare shi ba, tunda ba komai a cikinta sai bel da moto.

To, ku da kuke ganin ba komai, ku saurara. Sunana Isuhu, a nan Bagwai Isuhu Firinta ake ce min, kuma gashin nan da kuke gani a kan wannan bel da moton ya yi fari.

Firintar da nake magana ba irin ta yanzu ba ce, mai haɗiye takarda ta tofo ta shiru. Mai allura ce. A cikin kan bugu akwai allurai sirara a jere, su ne suke fitowa su doki ribon mai tawada, ribon ya doki takarda, ɗigo-ɗigon su haɗu su zama harafi. In tana aiki har bakin titi ana jinta, kamar ana yaga sabon yadi. Kan yana zaune a kan sandar ƙarfe, bel mai haƙora yana jansa, moto yana jan bel. Allura sai ta doki daidai wurin da ya kamata, a daidai lokacin da kan ya iso wurin, kuma kan gudu yake yi. Abin da yake kai shi wurin ba kuskure shi ne sana'ata.

Ban shigo ta da ƙuruciya ba. Na riga na yi aure, ina gyaran rediyo a ƙauyenmu, damina ta zo in koma gona. Wani rani na shiga Kano sayen kayan gyara, na tsaya fakewa rana a bakin shagon wani dattijo, Malam Ashiru, wanda a da tafireta yake gyarawa kafin ya koma firinta. Na ga ya ɗora wata a tebur ya kunna, kan ya tafi hagu a hankali, ya tsaya, ya dawo tsakiya ya tsaya cak kamar an kira shi. Na tambaye shi yadda abin ya san inda zai tsaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ina son amsa in dawo bayan an gama kaka. Na dawo. Rani uku na yi a wurinsa, ina kwana a zauren wani ɗan garinmu.

Satin farko bai bar ni na taɓa firinta ba. Wani moto ya ciro daga kwali, bai kai kan albasa girma ba, wayoyi huɗu na lilo a jikinsa, ya ce in murza sandarsa da yatsa in gaya masa abin da na ji. Na murza na ji ba ta tafiya sumul kamar ta fanka, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, tana faɗawa gurbi tana fita. Ya ce in ƙirga sau nawa take faɗawa kafin ta zagayo. Na ce arba'in da biyar. Ya ce in sake. Na ce hamsin. Ya tafi sallah ya dawo ya same ni ina murzawa. Sai washegari na sa wa sandar alama da farce na ƙirga a tsanake na samu arba'in da takwas, sau uku a jere. Ni magidanci da 'ya'ya biyu, ina zaune ina murza ƙarfe kamar mai jan carbi, masu wucewa suna kallona. A ranar na kusa tattara jakata.

Sai da na samu lissafin sannan ya yi min bayani, kuma sau ɗaya ya yi. Ya ce moton fanka in ka ba shi wuta gudu kawai ya sani, in ka ɗauke ya tsaya inda ya ga dama. Wannan kuwa taku yake yi, shi ya sa muke ce masa moto mai taku. A tsakiyarsa maganaɗisu ne, a kewaye kwayil biyu na wayar tagulla. Bod, wato allon da yake ba da umarni a cikin firintar, zai ba kwayil na farko wuta, maganaɗisu ya juya gurbi ɗaya ya tsaya. Ya ba na biyu, ya ƙara gurbi ɗaya. Ya juya wa na farko wutar, ya ƙara. Haka dai bi da bi. In aka bi jerin ta baya, moton ya koma baya. Kowane taku yana matsar da kan bugu ɗan tazarar da bai kai ƙwayar gero ba, kuma tazarar ba ta canzawa. Saboda haka bod ba ya buƙatar ganin kan. Ƙirgawa yake yi. Da an kunna firinta zai ja kan zuwa hagu a hankali har wani ɗan kunne da ke jikinsa ya shiga cikin wani ɗan ido na lantarki da ke bangon firintar. Nan ne gida, daga nan lissafi yake farawa. Bayan wannan, taku ɗari uku dama, buga, taku goma dama, buga, taku kaza hagu.

Na ce ashe kamar mai saran shuka ne da sungumi, ba ya auna gona da igiya, takunsa ne ma'auninsa. Malam Ashiru ya ce haka ne, amma da bambanci guda, kuma a wannan bambancin zan ci abinci.

"Manomi in ya yi tuntuɓe ya san ya yi," in ji shi. "Bod bai sani ba. In ya ce wa moto taka, moto bai taka ba, shi a wurinsa an taka."

Firinta ta farko da ya bar ni na canza wa moto ta wani lauya ce. Na cire tsohon ban duba yadda wayoyin suke ba, na ɗauka ai huɗu ne kawai, na mayar da sabon yadda na ga ya yi min kyau. Da na kunna, maimakon kan ya nufi hagu neman gida sai ya nufi dama, ya daki bango, ya ci gaba da turawa yana gurnani, domin bod yana jiran ido ya ce an iso, ido kuwa yana can ɗaya ɓangaren. Kafin in kai hannu ga makunni haƙoran bel sun zube. Malam Ashiru bai yi faɗa ba. Miƙo min guntun bel ɗin ya yi ya ce in nemo irinsa. Kwana uku ina yawo a ƙafa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Tun daga ranar ban ƙara cire waya ba sai na zana ta a takarda, ja a ina, shuɗiya a ina. Ku kuwa yanzu da kyamara a aljihunku, hoto ɗaya ya ishe ku, shi ma ba kwa ɗauka.

Kayan aikina ba su da yawa, duk suna shiga jakar buhu. Mita mai allura ta awon wuta, sukundireba manya da ƙanana, ayan na liƙa waya da dalma, tsohon burushin haƙori, kwalbar sipirit, man keken ɗinki, da rula ta ƙarfe. Man keken ɗinki na ce, ɗigo biyu, ba man gyaɗa ba. Man gyaɗa yau zai yi santsi, bayan sati biyu ya haɗu da ƙura ya zama ƙaro, kan ya riƙa tafiya kamar mai ratsa taɓo. In mita ta mutu ma ina iya gane wayoyin da suke kwayil ɗaya. Ka haɗa bakin biyu ka murza sandar, in ta yi tauri to 'yan gida ɗaya ne. Dalilin taurin kuwa shi ne moton in aka juya shi da hannu wuta yake haifarwa, kamar ɗan janareto. Wannan wutar ce samarin nan biyu suka yi ta aika wa bod lokacin da suke zuge kan da ƙarfi, har ta ƙone ɗan aisi, wato ɗan baƙin abin nan na jikin bod da yake raba wa kwayil wuta. Da a hankali suka tura ba abin da zai faru.

Amma babban kayan aiki kunne ne. Moto mai taku ba ya tashi da gudu. Bod yakan fara ba shi taku a hankali, ya ƙara sauri, in an kusa wurin tsayawa ya sassauta, domin yana da ƙarfi a tafiyar sannu, a guje kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi. Lafiyayyen moto kukansa yana hawa, ya miƙe, ya sauka. In ka ji ƙat a tsakiya, an tsallake taku. Ina shiga ofis kafin a gama gaisawa na san abin da ya kawo ni.

Masu firinta kuwa, Allah ya ba mu haƙuri da juna. Ban taɓa samun wanda ya ce shi ya ɓata ba. Kowa jiya lafiya lau take, da safe kawai ta ƙi. Wani mai buga takardu a bakin kotu ribon ɗinsa ya bushe, ya jiƙa shi da bulan wanki, ya yi ta amfani da shi har gefensa ya zare, zaren ya naɗe ƙafar kan bugu. Da na nuna masa ya ce ai ribon ba shi da alaƙa da tafiyar kai. Wani daga Shanono ya ɗauro tasa a bayan babur da roba, bai ɗaure kan ba, duk ramin da suka faɗa kan ya tafi ya daki bango ya dawo. Ya kawo min ita da ciwo ɗaya, ta iso da uku, kuma ya tsaya a kan cewa biyun a shagona ta same su. Akwai wanda kullum in ta tsaya sai ya kai mata duka a gefe, wai haka yake yi wa talabijin.

Aikin da ba na mantawa shi ne na wata makarantar al'umma a wani gari da ke yamma da mu. Wata safiya ina share bakin shago wata mata ta sauko daga mota ta yi sallama, ta ce ita ce Malama Rakiya, tana koyarwa a makarantar, kuma ita ce take shigar da sakamakon jarrabawa a kwamfuta ta buga. Ta zaro wata faffaɗar takarda daga jaka. Irin wadda ake sayowa da layuka da gidaje a buge ce, sunayen darussa a jere a sama, Hausa, Lissafi, Turanci da sauransu, firinta kuma ta cike sunayen ɗalibai da makinsu a cikin gidajen. Daga wannan takarda malaman aji suke kwafa da hannu su zuba a katin kowane ɗalibi.

Abin da ya faru shi ne, an raba kati, sai wani ɗalibi Yakubu, wanda duk makarantar an san ba mai kama shi a lissafi, ya ga an ba shi makin faɗuwa. Wata ɗaliba kuma, Zulai, wadda lissafi bai taɓa yi mata daɗi ba, ta fito da maki mai yawa. Da makin lissafin ake zaɓar waɗanda za a tura jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Yakubu ɗan Alhaji Sule ne, mai sayar da hatsi, shugaban ƙungiyar iyaye. Zulai kuwa 'yar yayar Malama Rakiya ce, a gidanta ma take zaune. Ba sai na gaya muku abin da gari ya ce ba. Alhaji Sule ya tashi a taron iyaye ya ce ta sauya maki, a kore ta. Ta buɗe kwamfuta ta nuna musu lambobin daidai suke, suka ce ai bayan asiri ya tonu ta gyara. An ba ta zuwa ƙarshen sati ta ajiye makullin ofis.

"Malam Isuhu, ban taɓa lamba ko ɗaya ba," ta ce. "In ma aikin zai tafi ya tafi. Sunana nake so."

Na shimfiɗa takardar a tebur na ɗora rula daga sama zuwa ƙasa. A layin farko lambobi suna tsakiyar gidansu. A layi na goma sun ɗan jingina dama. A na ashirin sun hau kan layin da ya raba gida da gida. Can ƙasa, inda sunaye masu farawa da Y da Z suke, sun tsallaka gidan maƙwabci sun zauna daram. Makin Hausa ya koma ƙarƙashin Lissafi, na Lissafi ya koma ƙarƙashin Turanci. Gidan suna faffaɗa ne, shi ya sa ba wanda ya lura sunayen ma sun matsa. Yakubu rubutun Hausa ne ba ya so, Zulai kuwa a nan ta fi ƙarfi. Malamin ajin da ya kwafa abin da ya gani a ƙarƙashin kowane darasi ya rubuta, bai tsaya tambayar me ya sa gidan Hausa ya zama wayam a ƙasa ba, ya leƙa nasa littafin ya cike shi. Shi ma da zan samu dama da na ja masa kunne.

Na rufe shago muka hau mota. A ofis muka tarar da shugaban makarantar da malamai biyu, aka aika aka kira Alhaji Sule. Ya zo da carbinsa, ya ƙi zama. Na nuna masa rula da takarda, bai ko sunkuya ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san sikeli, ya san mudu, ƙarfe ba ya ƙarya, mai riƙe da shi ne yake yi.

Ban yi musu da shi ba. Na sa Malama Rakiya ta rubuta harafi ɗaya a farkon layi, ta maimaita shi layi arba'in, aka buga a farar takarda. Tun layi na biyu na ji ƙat ɗin, can gefen hagu, duk sanda kan ya dawo. Takarda ta fito, haruffan da ya kamata su sauko a miƙe sun karkace kamar karan dawa bayan iska. Na kashe, na cire murfi, na haska tocila a kusurwar hagu. Ga shi nan. Lokacin dogon hutu zanzaro ya shiga ya gina gidansa na laka a ƙarƙashin sandar. Da aka dawo wani ya gani ya ɓamɓare, amma gindin ya rage a manne, ya sha mai da ƙura ya yi tauri. In an kunna firinta kan yakan zo gida a hankali, da ƙarfinsa, ya haye lakar ya wuce. Amma in ana bugu, a guje yake dawowa, ƙafarsa ta goga, moto ya rasa taku ɗaya ko biyu. Bod bai sani ba. A lissafinsa kan ya iso farkon layi, alhali saura kaɗan. Layi na gaba a ƙara rasa wani. Kaɗan-kaɗan har ya tara faɗin gida guda. Sabuwar takarda in an sa, firintar takan koma ta gaida ido ta gyara lissafi, shi ya sa kowace takarda take farawa daidai ta ƙare a karkace.

Na kankare lakar, na wanke sandar da sipirit, na ɗiga mai, aka sake bugawa. Haruffa suka sauko sak. Shugaban makaranta ya yi hamdala. Alhaji Sule ya ce duk wannan bai gamsar da shi ba, ita ta ɗauko ni, ita ta biya min mota, wa ya san abin da muka ƙulla a hanya.

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na ce ya matso. Na nuna masa inda zai sa ɗan yatsansa a gefen hagu, ba turawa ba, tarewa kawai, yadda kan in ya dawo zai ɗan goge shi. Na ce ni zan koma bakin ƙofa, Malama ma ta matsa, shugaban makaranta ya danna. Ya sa yatsa. Kan ya dawo ya goge shi, ƙat. Ya sake dawowa, ƙat. Ya bari aka yi layi wajen goma sannan ya janye. Da takardar ta fito shi da kansa ya yage ta, ya karɓi rulata ya ɗora. Daga inda ya sa yatsa rubutu ya fara gudu dama. Ya ajiye rular a tebur.

Daga nan ya juya ya ce, "Malama, na zalunce ki. Ki yafe ni."

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji. Amma ba a ofis ka faɗa ba. A gaban iyaye ka faɗa."

Ya ce ta yi gaskiya. An gaya min ranar Asabar ya tara iyayen ya miƙe ya janye maganarsa da bakinsa. Aka karɓo katunan aka sake rubutawa, Yakubu ya samu makinsa, Zulai ta koma nata. Malama Rakiya ta ci gaba da riƙe makulli. Sai dai ku ji darasin da shugaban makarantar ya ɗauka daga wannan duka. Ba cewa ya yi a riƙa rufe firinta da ƙyalle lokacin hutu ba, ko a riƙa duba takarda kafin a kwafa. Cewa ya yi inji ba abin yarda ba ne, ya sa aka kulle ta a sito aka koma rubutun hannu. Lafiyayyar firinta, na gama gyara ta da hannuna. Bayan shekara biyu da suka neme ni ɓeraye sun cinye wayoyinta.

Muguwar shekara ita ce wadda taransifomarmu ta ƙone a farkon damina, aka yi watanni ba wuta. Kowa ya koma ɗan ƙaramin janareto, irin wanda wutarsa take hawa tana sauka kamar numfashin mai asma. Moto mai taku ba ya son haka. Wuta ta yi ƙasa ya rasa ƙarfi ya tsallake taku, ta yi sama aisi ya ƙone. Wadda na gyara ranar Litinin sai ta dawo ranar Alhamis, mai ita yana cewa aikin banza na yi masa. In ce janaretonka ne, ya ce ai yana kunna fanka da shi lafiya lau. Na je Kano neman aisi na tarar Malam Ashiru ya rasu, Allah ya jiƙansa, shagon ya koma na sayar da rigar waya. Masu kayan gyara suka ce sun daina kawo na irin wannan, sababbin firintoci sun shigo, kowa su yake saye. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri, geron da na dogara da shi bai cika ido ba.

A cikin wannan hali wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa ya aiko min da tasu, kwayil ɗaya na moton ya ƙone, kuma babu irinsa ko'ina. Na buɗe moton, abin da ba a yi shi don a buɗe ba. Na warware ƙonanniyar wayar ina ƙirga zagaye ina sa alama a takarda, na samo waya mai kaurinta daga tsohuwar rediyo, na naɗa da hannu. Kwana huɗu ina yi, sau biyu tana tsinkewa in koma farko. Na haɗa, na kunna, kuka ya hau ya miƙe ya sauka. Na ɗora ta a babur na ɗaure kan da tsumma na kai musu. Akawun ya dube ni ya ce af, ai sun sayi sabuwa shekaranjiya, an manta ba a aiko min ba. Ya sa aka ajiye wadda na gyara a kusurwa. Da na koma bayan wata guda na tarar an ɗora mata butar shayi.

Ragowar shekarar bin 'yan gwangwan na yi. Ofisoshi suna zubar da tsofaffin firintoci, su kuma suna saye a kilo su farfasa da guduma don su ciri tagulla. Nakan tsaya a kansu in roƙa a bar ni in kwance moton kafin guduma ta sauka. Suna min dariya, wai Baba yana tara kan albasar ƙarfe. Na koma gyaran rediyo da tocila don a samu na cefane. Mutane da yawa a lokacin sun ce min sana'ar ta mutu, in nemi wata.

Firintar ce ta tsufa, moton bai je ko'ina ba. Azumin bana wani tela daga Shanono, Nafi'u, ya zo har gida. Ya sayi injin aikin wuyan riga wanda aka taɓa amfani da shi, irin mai kwamfuta, wanda ake sa wa zane ya ɗinka da kansa a kan babbar riga. Wata biyu yana aiki lafiya, sai ya fara karkata. Zanen da ya kamata ya zagayo ya haɗu da inda ya fara sai ya wuce ta gefe. Ya riga ya ɓata shaddar wani, ga rigunan Sallah jibge a shago, masu su suna zarya. Ya kira injiniyoyi biyu daga birni, sun zo da kwamfutarsu, sun goge manhajar injin sun sake zubawa har sau biyu, daga ƙarshe suka ce bod ne, sai an yi odar sabo daga waje, ya jira bayan Sallah.

Na gaya masa gaskiya ban taɓa buɗe irin wannan injin ba. Ya ce in dai zo in gani. Muka je, na ce ya sa tsumma ya kunna. Na tsaya na rufe ido. Moto biyu ne suke jan firam ɗin da yake riƙe da yadi, ɗaya gaba da baya, ɗaya hagu da dama, kuma kukansu irin wanda na sani ne. Ba su tsallake taku ko ɗaya ba, lafiyarsu ƙalau. To in moto yana takawa daidai amma yadi ba ya zuwa daidai, matsalar tana tsakaninsu. Na kwance murfin gefe. Na karɓi allin da yake zana yadi da shi, na ja layi ɗaya daga kan sandar moton zuwa kan ɗan gargaren da yake jan bel. Na ce ya sake kunnawa. Bayan minti biyu na ce ya tsayar. Layin ya rabu biyu, na sanda yana nan, na gargare ya matsa. Wani ɗan kusa ne da bai kai ƙwayar wake ba, mai ɗaure gargaren a jikin sanda, ya sassauta. Duk sanda moto ya juya da sauri sai gargaren ya ɗan zame. Na ɗaure shi tam, na sake jan layi, muka gwada. Allura ta zagayo ta sauka daidai ramin da ta fara.

Nafi'u ya ɗauki waya ya kira ɗaya daga cikin injiniyoyin ya gaya masa a fasa odar bod, inji ya tashi. Na ji muryar yaron yana tambaya wa ya gyara, da me aka gyara. Nafi'u ya miƙo min wayar. Bayan mun gaisa ya ce, Baba, don Allah wace manhaja ka sa ka gano matsalar?

Na ce, "Alli na sa."

Sai ya ce, "Wane Ali? A ina shagonsa yake? Ba ni lambarsa."

Na miƙa wa Nafi'u wayarsa, na ce ya ɗauko riga ta gaba ya ɗaura a firam. Sallah saura kwana huɗu.